Haɗa Katin Gayyata da Hannu a Matsayin Darasin Zane da Rubutun Hausa a Makarantun Firamare

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan wani ɗan ƙaramin aiki wanda malamin firamare zai iya gudanarwa a ajinsa ba tare da ya jira an aiko masa da kaya daga ofishin ilmi ba, watau sa yara su haɗa katin gayyata da hannunsu, su rubuta shi, su ƙawata shi, sa'an nan su kai wa wanda aka gayyata. Na san wasu daga cikin mahalarta wannan taro za su ga abin ya yi ƙanƙanta a zauren da ake tattauna nahawu da adabi. To amma ƙa'idojin da muke ta muhawara a kansu a nan, muddin ba su isa ga alƙalamin yaro ɗan aji huɗu ba, amfaninsu ya tsaya a tsakaninmu. Abin da nake son in nuna shi ne, katin gayyata yana cikin rubuce-rubuce ƙalilan na makaranta waɗanda suke da mai karatu na haƙiƙa, kuma kuskure a cikinsu yake da sakamakon da yaro zai gani da idonsa.

Wa yaro yake rubuta wa?

A shekarar 1975 James Britton da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a Ingila a kan rubuce-rubucen ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 18. Babban abin da suka gano shi ne, mafi yawan abin da ɗalibi yake rubutawa malaminsa yake rubuta wa, kuma sau da yawa malamin yana karantawa ne a matsayin mai jarrabawa. Tun kafin su, a cikin shekarun 1920, wani malamin ƙauye a Faransa mai suna Célestin Freinet ya lura da wannan matsala, har ya shigar da ƙaramar na'urar ɗab'i cikin ajinsa, yara suka riƙa buga abin da suka rubuta suna aika wa yaran wata makaranta mai nisa.

Halin da muke ciki bai bambanta da wannan ba, in ma bai fi tsanani ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, kuma malamin da ke fuskantar yara tamanin ba shi da wata mafita da ta fi masa sauƙi irin ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa na gida ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune, amma manufa ba ta faɗa wa malami abin da zai sa yaron ya rubuta da harshen ba. Saboda haka rubutun Hausa a aji ya taƙaita ga kwafa, da shifta, da insha'i irin su "Makarantarmu" ko "Yadda Na Yi Hutu". Duk waɗannan suna da nasu amfani. Sai dai yaron da ke bayyana wa malaminsa makarantar da malamin ya fi shi sani, ya san ba labari yake bayarwa ba. In ya manta da wani abu, ba wanda ya yi asara. In ya rubuta k a inda ya kamata ya rubuta ƙ, iyakarta a ja masa layi da jan biro, ya rufe littafi.

Katin gayyata kuwa, in aka manta da rana ko wuri, wanda aka gayyata ba zai zo ba, ko kuma ya komo da tambaya. Yaro yana gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gayyata a wurin Bahaushe

Ba baƙon abu za mu kawo wa yara ba. Kafin zuwan kati, da baki ake gayyata, a haɗa da goro, a bi gida gida ana sanar da ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar karatu. Shi ya sa har yanzu ake cewa wane ya amsa goron gayyata, ko da ba a ba shi goron ba. Da maɗaba'u suka yawaita a garuruwa, sai kati ya bi goro da alewa, yanzu kuma hoton katin ne ake turawa ta wayar hannu. Ke nan da wuya a sami yaron da bai taɓa riƙe katin biki ba, ko da kuwa a gidansu babu littafin Hausa ko ɗaya.

A nan ne wata damuwa take. Duk wanda ya tara katunan bikin da aka kawo masa ya duba su da idon malami, zai ga yawancinsu ba su bin ƙa'idojin rubutu. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Kano a 1972, an yi a Yamai a 1980, duk domin daidaita rubutun Hausa, amma mai buga kati a bakin kasuwa bai san an yi ba, kuma sau da yawa na'urarsa ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, ko shi bai san inda suke ba. Yaro kuwa duk abin da ya gani a buge yana ɗaukarsa daidai ne. Don haka waɗannan katuna suna koyar da rubutu a gidaje ko mun so ko mun ƙi, kuma gara malami ya jawo su cikin aji ya yi aiki da su.

Abin da kati yake koyarwa ta fuskar harshe

Abu na farko shi ne cikar saƙo. Kowane kati dole ya amsa tambaya biyar: wa ke gayyata, wa ake gayyata, me za a yi, yaushe, kuma a ina. Kada malami ya rubuta waɗannan a allo tun farko. Ya fi kyau ya karanta wa yara wani kati da ya cire wa abu guda da gangan, ya tambaye su ko za su iya zuwa wannan biki. Nan take wani zai ce, "Malam, ai ba a faɗi wurin ba." Da haka su da kansu za su fito da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ga misalin irin saƙon da ake son a kai gare shi:

'Yan aji huɗu suna farin cikin gayyatar Malam ........ zuwa kallon wasan kwaikwayon da za su yi ranar Alhamis, 12 ga wata, da ƙarfe 10:00 na safe, a filin makaranta. Allah ya ba da ikon zuwa.

Jimla biyu ce kawai, amma a duba abin da ke cikinta. Akwai babban baƙi a farkon jimla da sunan rana da sunan mutum. Akwai waƙafi da aya. Akwai 'y da ƙ. Akwai "suna" da ake haɗewa da "za su" da ake rabawa, wanda yana cikin wuraren da har manyan ɗalibanmu na kwaleji suke tuntuɓe. Akwai rubuta lokaci da kwanan wata da alƙaluma. Malamin da ya so zai iya ƙara kwanan watan Musulunci kusa da na Bature, ya sa yara su binciko shi a kalanda.

Sa'an nan kalmomin da suka fi yawo a katin gayyata, kamar da gangan, su ne waɗanda ma'anarsu take juyewa in aka yi sakaci da ƙugiya ko ɗaurin 'y. "Manyan baƙi" in aka rubuta shi "manyan baki" ya koma zagi. "Ɗaurin aure" in ya zama "daurin aure" ya koma maganin da ake ɗura wa jariri. Mafi muni shi ne "auren 'yarsu" da aka rubuta "auren yarsu", domin wannan ya ɗauke auren daga kan ɗiya ya ɗora shi a kan babbar 'yar'uwa. A ganina misali ɗaya irin wannan, wanda zai sa aji ya fashe da dariya, ya fi shifta goma zama a zuciyar yaro. Haka kuma malami zai sami damar gyara "za'a" zuwa "za a", da "gidan su" zuwa "gidansu", da bambanta "a kan" da "akan", kuma duk daga katunan gaske da yaran suka kawo daga gida. Sai dai lalle ne ya rufe sunayen masu bikin kafin ya nuna wa aji, kada darasi ya zama hanyar yi wa wani gida dariya.

Abu na uku, wanda littattafan karatu ba su cika kula da shi ba, shi ne dacewar magana da wanda ake yi wa ita. Katin da yaro zai kai wa abokinsa yana iya cewa "ka zo". Wanda zai kai wa hedimasta ko mai unguwa ko limamin unguwa dole ya ɗauki jam'in girmamawa da laƙabin da ya dace. Wanda zai kai wa kakarsa kuwa yana iya ɗaukar ɗan wasa irin na jika da kaka, ya ce ta zo da goron angonta. Yaro ya san duk wannan a baka tun kafin ya shiga makaranta. Abin da bai sani ba shi ne ana iya sa shi a takarda. Idan malami ya sa a rubuta gayyata guda ga mutum uku mabambanta, ya koyar da abin da masana suke kira rajistar harshe ba tare da ya ambaci sunanta ba.

Akwai kuma batun ajami. Iyaye da kakanni da yawa ba su karanta boko amma suna karanta ajami, kuma yara da yawa suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma. Babu laifi yaron da ya iya ya rubuta saƙon da boko a shafi ɗaya, da ajami a ɗaya shafin. Tun da manufar kati ita ce wanda aka kai wa ya karanta, rubutun da zai iya karantawa shi ne daidai.

Ta fuskar zane

A nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Da zarar an ce yara su ƙawata kati, sai ka ga fure mai ganye biyar, da zuciya, da balan-balan, duk an kwaikwayo daga katunan kanti. Alhali kuwa yaron ya fito ne daga gidan da ke cike da zane. Akwai dagi a jikin soraye, akwai aska biyu da aska takwas da tambari a wuyan babbar riga, akwai zanen ƙwarya, da na hula, da na tabarma da faifai, da adon dukawa a jikin fata, da zanen lalle a hannun yayyensa. Fiye da duka, akwai zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, wadda ita ce ta fi kusa da abin da muke nema, domin a cikinta an riga an warware matsalar yadda za a kewaye rubutu da ado ba tare da adon ya danne rubutun ba. Malami ya sa yara su dubo zane ɗaya a gida ko a hanya su kwafo shi a bayan littafi, su zo su faɗi inda suka gan shi da sunansa in sun sani. Irin waɗannan zane-zane na layi da kusurwa da murabba'i suna da wata fa'ida kuma: ba su jawo ƙorafin iyayen da ba su son a zana mai rai.

Kayan aiki ba su da tsada. Takarda mai girman A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. In aka raba ta biyu aka ninke kowane rabi, an sami kati biyu masu shafi huɗu huɗu, kowane kimanin santimita 10 da rabi a faɗi, kusan 15 a tsawo. Ke nan aji mai yara 60 takarda 30 yake bukata. In an sami kwali mai ɗan kauri ya fi, kuma bayan tsohuwar kalanda ko kwalin sabulu yana yi. Launi kuwa, inda babu fenti ko fensir mai launi, a koma ga abin da malaman allo da marina da dukawa suka daɗe suna amfani da shi. Gawayi da ƙaro suna ba da baƙar tawada, jiƙaƙƙen zoɓo ko karan dafi suna ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, shuni yana ba da shuɗi. Ƙaro ko ɗan kokon rogo ya isa gam. Alƙalamin kara, wanda yawancin yaran sun iya riƙewa, ya fi biro fitar da manyan baƙaƙe masu kyau. Ana kuma iya yanka dankali ko rogo a sassaƙa masa siffa a mayar da shi hatimi, a riƙa tsoma shi a launi ana bugawa a gefen kati. Amma yankan aikin malami ne, kada a bar reza a hannun yara.

Darasin zane na gaskiya a wannan aiki shi ne tsarin shafi. Yaro zai auna santimita ɗaya da rula daga kowane gefe ya ja iyaka, ya ja layukan rubutu da fensir a hankali yadda za su gogu, sa'an nan ya yanke shawarar abin da ya kamata ido ya fara gani. Sunan bikin ne zai fi girma, ko ranar? Me zai zauna a bango, me zai shiga ciki? Wannan tunani ne irin na mai tsara littafi, kuma yana jawo awo da lissafi cikin darasin. Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: rubutu kafin ado. In aka bar yaro ya fara da ado, zai cinye shafin duka, daga baya ya matse saƙon a wani lungu har ya yanke kalma inda ba a yankewa.

Yadda za a gudanar da aikin

Sharaɗin farko shi ne a sami taro na gaske. In babu abin da za a zo a yi, katin ya koma insha'i mai ado, kuma duk hujjar da na kawo a baya ta rushe. Ba sai babban biki ba. Taron iyaye da malamai, ko ranar rabon kyaututtuka, ko ɗan wasan kwaikwayo, ko gayyatar 'yan wani aji su zo sauraren tatsuniya, duk sun isa. Littattafan koyarwa da aka rubuta a Ingila da Amurka sun fi kawo misalin bikin zagayowar ranar haihuwa. Ban ga dacewarsa da yawancin azuzuwanmu ba, domin yara da yawa ba a yi musu shi, kuma yana raba aji gida biyu, masu biki da marasa biki, waɗanda aka gayyata da waɗanda aka tsallake. Taron da aji duka ya mallaka ya fi.

Darasi huɗu na minti 30 ko 35 suna isa ga aji huɗu zuwa shida. A na farko a duba katunan da aka kawo, a fito da tambayoyi biyar, a farauto kurakurai. A na biyu kowa ya rubuta saƙonsa a littafin aiki, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya amsa tambayoyin biyar daga abin da ke rubuce kaɗai, ba tare da marubucin ya buɗe baki ba. Wannan musaya ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce take rage wa malami nauyin duba littafi tamanin shi kaɗai. A na uku a auna, a ninke, a kwafe saƙon da aka gyara. A na huɗu a yi ado. 'Yan aji biyu da uku kuwa, malami ya ba su jimlar da guraben da za su cike.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata a yi hattara da su. Yara za su so su buɗe kati da Bisimilla kamar yadda suka gani a katunan gida. Tun da kati abu ne da yakan ƙare a ƙasa ko a kwandon shara, malami ya tattauna wannan da su, su kuwa sun san hukuncin takarda mai sunan Allah tun daga makarantar allo. Haka kuma ya tuna a cikin ajinsa akwai marayu da waɗanda ba su tare da iyayensu, don haka ya ce a kai wa "wani babba a gida", kowa ya zaɓi nasa.

Game da ba da maki, kada jan biro ya taɓa katin da za a kai gida. Gyara a littafin aiki ake yin sa. In dole ne a ba da maki, ina ba da shawarar a cikin goma a ware huɗu ga cikar saƙo da dacewarsa da wanda aka rubuta wa, uku ga ƙa'idojin rubutu, uku ga tsarin shafi da tsabta. Ban ware komai ga "kyau" ba, domin in aka yi haka yaron da mahaifinsa ya saya masa fenti shi zai riƙa cinyewa. Kuma kada a zaɓi katuna biyar mafi kyau a aika, a tara sauran a kabad. Kowane kati ya fita. Bayan taro sai a tambayi yara: wa ya zo, wa bai zo ba, akwai wanda ya yi tambaya a kan abin da kati bai faɗa ba? Daga nan hanya ta buɗe zuwa takardar godiya ga waɗanda suka halarta, daga ita kuma zuwa rubutun wasiƙa, wanda dama yana cikin manhaja.

Saura abin da ya shafe mu, mu da muke horar da malamai. A kwalejojin ilmi sashen Hausa daban yake, sashen zane-zane daban, kuma da wuya ɗalibin wannan ya leƙa ɗakin aikin wancan, alhali a firamare sau da yawa mutum ɗaya ne zai koyar da duka biyun. A zagayen duba koyarwar gwaji na sha ganin ɗalibi malami wanda ya haddace ƙa'idojin rubutu tsaf, amma bai iya ja wa yara layi madaidaici a kwali ba, na kuma ga mai hannun zane wanda ya rubuta "barka da zuwa manyan baki" da baƙaƙe masu ban sha'awa. Shawarata ita ce, kafin a tura ɗalibai koyarwar gwaji, sassan biyu su haɗu su ware mako guda, kowane ɗalibi ya haɗa katinsa tun daga jiƙa tawada har zuwa miƙa shi ga wanda ya gayyata, malamin Hausa ya duba saƙon, malamin zane ya duba shafin.